Gicciyen Uwar Dongni

"Wannan katakon fa, na mene ne?"

Ɗana Liugen bai ɗago ba. Yana durƙushe a tsakar gida yana kankare wani dogon katako, ga wani gajere a jingine da bango. Kallo ɗaya na yi musu na gane su. Ragowar itacen da aka yi mini akwatin gawata ne, wanda na ɓoye bayan buhunan alkama don kada wani ya hura wuta da shi.

"Kurma ka zama? Da kai nake."

"Gwaggo ce ta sa ni aiki, Inna."

"Wace gwaggon? Gwaggonninka duk suna ƙarƙashin ƙasa."

"Uwar Dongni."

Ya ɗauko gajeren ya gitta a kan dogon don ya gwada, sai na ga abin da yake haɗawa. Gicciye ne, tsayinsa ya kusa kai mutum. A gidana, da itacena, da hannun ɗan da na haifa.

"Ta ce ranar da za a fita da ita, ni zan riƙe shi a gaba," ya faɗa yana kallon ƙasa.

Ta kan katanga ana jin 'yan taronta suna rera waƙarsu mai jan rai, wadda suka kwana biyu suna yi tun da aka dawo da ita daga asibiti aka ce a kai ta gida kawai. Kowa a garin nan ya sani, hannun da ya ɗauki gicciye a bainar jama'a ba ya sake ɗaukar tukunyar da ɗa ke fasa wa iyayensa ranar binne su.

Ni da Sumei, Uwar Dongni, shekara ɗaya aka kawo mu garin nan aure, mazajenmu 'ya'yan wa da ƙane. Gajeriyar katanga ce tsakaninmu, ta kanta muka tsufa muna miƙa wa juna gishiri da baƙar magana. Ni na haifi namiji. Ita mace ɗaya tal ta samu, Dongni, wadda ta yi aure a wata gunduma mai nisa. To macen da ba ta da ɗan da zai fasa mata tukunyar ƙasa lokacin da ake ɗaga akwatinta, ba mai shige mata gaba da tutar takarda ya nuna wa ranta hanya, ba mai ƙona mata takardar kuɗin lahira ranar sharar kaburbura, me zai hana ta bi addinin da ya ce duk waɗannan shirme ne? Ni ban ga laifinta a nan ba. Laifinta shi ne ta kasa riƙe abinta ita kaɗai.

Tun da ta yage hoton Kakan Murhu, abin bautar da ke tsaron kowane gida, daga bangon kicin ɗinta ta liƙa kalanda mai jan gicciye, babu ƙofar da ba ta ƙwanƙwasa ba. Kanka ke ciwo, tana nan. Akuyarka ta mutu, tana nan, da ƙwai a aljihu da "Ka ba da gaskiya ga Yesu" a baki. Kajinta ma ba nata ba ne, duk ƙwan da suka saka ran Lahadi na mai bishara ne, wani siririn mutum wai shi Pei, mai yawo gari gari a kan tsohon babur. Aladenta ta sayar ta sayi bencinan zaman taro. Da 'yan tsofaffi masu ciwon gwiwa suka fara taro a ɗakinta na tsakiya, yanzu ran Lahadi har tsakar gidanta babu masaka tsinke, ni kuwa ko barcin rana ya gagare ni. Ta kuma riga ta shelanta cewa in ta mutu gidan na masu bi ne.

Duk wannan na haɗiye, har ran da aka kawo mini Liugen a kan ƙyaure. Aikin gini ya tafi birni, ya faɗo daga sama, bayansa ya taɓu. Matarsa tana can kudu a masana'anta, ba halin ta bar aiki. Ni na juya shi, ni na wanke shi, ni na kwashe kashinsa wata da watanni. Ita kuwa kullum sai ta zo ta zauna a gefen gadonsa ta rufe ido tana motsa baki. Ranar da ya miƙe da ƙafafunsa sai suka ce Yesu ne, suka yi ta tafi da kuka. Ni babu wanda ya rera mini waƙa.

Da ranar sharar kaburbura ta zagayo, ya raka ni kabarin ubansa, ya cire ciyawa, ya ƙara ƙasa. Da na kunna takarda sai ya tsaya a tsaye ƙiƙam, ya ƙi durƙusawa. "Bayana ne, Inna," ya ce. Na san ƙarya yake, amma na karɓa, na kuma yi ta faɗa wa mutane haka, bayansa ne. Muddin bayansa ne, ina da ɗa. Wannan 'yar ƙaryar ce Sumei take so ta fizge mini a gaban gari.

Ban ko wanke hannu ba na zagaya gidanta.

Sun kwantar da ita a ɗakin tsakiya, an ture bencinan gefe. Sun sa mata fararen kaya fes, ba shuɗin kaya masu auduga hawa hawa da ake sa wa mutum ya tafi da ɗumi ba. Ciwon maƙogwaro ya cinye ta, ko kunun gero ba ya wucewa, ta koma ƙashi da ido. Mata sun kewaye ta, Pei yana tsaye a kanta da littafi.

"Salama, Inna," ya ce, har da ranƙwafawa. "Ubangiji ne ya kawo ki."

"Ƙafafuna ne suka kawo ni. Kai kuma ƙwai ne ya kawo ka. Ku ba mu wuri."

Suka kalli juna. Sumei ta ɗan motsa yatsu, suka fita sumui sumui.

"Yaya," ta ce, muryar a dushe. "Kin zo."

"Na zo karɓar ɗana."

"Ba a aljihuna yake ba."

"Taron naku cike yake da maza. Ga gurgun nan mai gyaran keke, ga mai bisharar taku da kansa. Hannuwansu sun shanye ne?"

"Su kowa ya san su." Ta tsaya ta ja numfashi. "In Pei ya riƙe, za a ce aikinsa ne, da shi yake ci. Liugen kuwa, gari duka ya ga an shigo da shi a kan ƙyaure."

Ashe ta daɗe da lissafa abinta. Tana kwance ruwa ma ba ya wuce mata, amma tana tsara wanda zai tsaya a ina.

"Fitar da gawata shi ne wa'azina na ƙarshe, Yaya. Duk waɗanda suka rufe mini ƙofa za su fito kallo, ko don su ga yadda ake binne marar ɗa. Ba zan ɓarar da ranar ba."

"Ke ko a bakin mutuwa ma tallan kike?"

"Shi nake."

"Ni fa? Wa zai fasa mini tukunya? Wa zai ƙona mini takarda? So kike in je can in zauna da yunwa, ina raɓe raɓe a kaburburan mutane ina jiran sauran abin da aka bari?"

"Toka ce kawai. Shekara nawa kina ƙona wa uban Liugen, ya taɓa cewa ya gode?"

"Da ransa ma bai taɓa cewa ya gode ba, sai yanzu?"

Dariya ta kama ta, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Dole na ɗauko kwanon da ke ƙarƙashin gado na tara mata, na tallafe ƙeyarta. Kanta bai fi nauyin ƙaramin kabeji ba. Haushi ya ƙara kama ni, don ban zo jinya ba.

"Ki zo inda za ni," ta ce da ta sami kanta. "Can ba a yunwa."

"Mijina yana can? Uwata tana can?"

Ta kawar da ido.

"To tafi ke kaɗai."

Na ajiye kwanon. Ban taɓa roƙon Sumei komai ba, ko wuta ban taɓa cewa ta ɗan sam mini ba sai dai in ce miƙo. Amma ranar na sassauta murya, na kira ta da sunanta.

"Sumei, ki bar mini shi. Ya yi ta zuwa taronku, ya yi waƙa har muryarsa ta dishe, ban hana ba. Kawai kada ya riƙe wannan abin a gaban mutane. Ki kira shi ki ce kin fasa. Kalma ɗaya ce."

Ta daɗe tana kallona, idanunta suka cika da ruwa. Har na fara sa rai.

"A'a," ta ce.

Sai na miƙe. Na gaya mata cewa ta kasa haifar nata shi ya sa ta zo satar na wani. Na gaya mata da ƙarfi, yadda matan da ke laɓe a bakin taga za su ji.

"Gaskiya ne na kasa," ta ce, ta rufe ido. "Amma da ƙafarsa ya zo. Ki ja mini ƙofar in za ki fita, iska tana shigowa."

Na bar mata ita a buɗe.

Ban sake taka gidan ba. Liugen ya gama aikinsa, ya shafa masa jan fenti, ya jingina shi a rumfar keke ya bushe. Na daina yi masa magana. Ina dafa taliya in ajiye masa nasa a kan turmi, in ɗauki nawa in shige ɗaki. Shi kuma kamar wanda aka aiko, ya gyara mini famfo, ya faskara itace ya jera har ya fi na shekara, duk don in ce masa sannu. Ban ce ba.

Ina kan rufin ɗaki da hantsi ina shanya masara lokacin da Sumei ta mutu. Waƙar ta tsaya tsit, na ji an ja benci, sai kuma suka ɗauki wata sabuwa mai sauri, har da tafi. Na tsaya da manjagarar shanya a hannu ina jiran kuka. Mace ta yi rayuwarta duka a garin nan, ta yi noma, ta binne miji, a ce ranta ya fita babu wanda ya ɗaga murya? Ko kare aka buge a titi ai ana samun mai cewa wayyo. Na ji tsanar su duka, har ita da ta koya musu.

Can sai ga Dongni ta faɗo gidana, kanta ba ɗankwali, fuska a kumbure. A daren jiya ta iso.

"Gwaggo, sun hana ni. Wai kada in yi kuka, wai ta tafi gida ne, murna ake."

"Uwarsu ce ko taki?"

"Sun ce ita ta bar wasiyya."

Na sauko. Na ja ta bayan ɗaki kusa da tarin ƙaran masara, na shimfiɗa mata buhu. "Zauna nan. Buɗe bakinki. Gidana ne, in ga wanda zai hana."

Ta zube ta kware baki tana dukan ƙasa da tafin hannu, tana kiran uwarta, tana lissafa wahalar da ta sha, yadda ya kamata 'ya ta yi. Na tsaya a kanta ina gadi. Idona ya yi ta ƙaiƙayi, amma ƙurar masara ce. Da ta lafa na ba ta ruwan zafi, na kama hannunta.

"Ke ce jininta. Je ki ce musu wani ya riƙe abin nan, ba Liugen ba."

"Gwaggo, ni ko kukan uwata ba a bar ni na yi ba, wa zai saurare ni?" Ta fyace hanci. "Gidan ma ba nawa ba ne."

Ranar fitar da gawa tun da safe masu ganga da ƙahonin ƙarfe suka iso daga wasu garuruwa, sanye da fararen riguna iri ɗaya. Na ɗauko kujerata 'yar tsugune na dasa ta a ƙofar gida, na zauna na cika ƙofar. Liugen ya fito daga rumfa da gicciyen a kafaɗa, ya sa rigarsa ta zuwa biki.

"Inna, ki ɗan matsa."

"Tsallake ni."

"Inna."

"Na ce tsallake ni. Tsallake cikin da ka fito, sannan ka je ka yi wa uwar wani ɗa."

Ya jingina abin da bango ya tsuguna a gabana. Bayan nasa ya lanƙwasu lafiya lau.

"Inna, zan ciyar da ke muddin kina numfashi. Zan wanke miki ƙafa, zan goya ki zuwa asibiti. Abin da kika yi mini, ko na mutu ban biya ba."

"Da raina ina da hannu, ina iya ciyar da kaina. Can nake tambayarka. Za ka fasa mini tukunya?"

Ya sunkuyar da kai.

"Za ka ƙona mini takarda? Kalle ni ka faɗa."

"Ba zan iya ba, Inna."

"Bayanka ne?"

"Ba bayana ba ne."

Na ɗaga hannu na wanka masa mari, ƙato mai furfura a gemu. Bai kare ba. Ya miƙe, ya tsaya jim kaɗan, sannan ya ɗauki gicciyen ya nufi katanga. Ya miƙa shi ta sama, hannuwa suka karɓa daga can, ya dafa ya haura. Aka bar ni zaune ina gadin ƙofar da ba mai bi.

Na so in shige ɗaki, amma ƙafafuna suka kai ni bakin titi. Gari kuwa ya fito ƙwansa da ƙwarƙwatarsa, har da na kan rufi, kamar yadda ta ce. Aka ɗaga akwatin shiru, babu tukunyar da ta fashe, babu takardar da aka watsa. Ganga ta ɗauka. Ga ɗana a gaba, shatin yatsuna a kuncinsa, ya ɗaga jan gicciyen sama yana tafiya a miƙe sambal.

"Kai, ba wannan ne aka kawo a kan ƙyaure ba?" wani ya ce a bayana.

"Shi ne. Dubi yadda yake taku."

A mararrabar kasuwa suka tsaya, Pei ya hau kan keken ɗaukar kaya da lasifika. Ya yi ta nuna Liugen yana magana, Liugen yana tsaye ana kallonsa kamar saniyar sayarwa. Da Pei ya ce wa yake so a yi masa addu'a, na ga matar mai niƙa ta ɗaga hannu, na ga tsohon da ke kiwon agwagi ya ɗaga nasa, shi da ya taɓa sakar wa Sumei kare. Ta ci riba. Tana cikin akwati amma ta ci.

"Uwar Liugen," wata 'yar sa ido ta taɓo ni da gwiwar hannu, tana murmushi. "To ke yanzu wa zai fasa miki?"

"Mijinki, in ya rage shan giya ya kai lokacin."

Na bar wurin kafin su tashi. Na bi ta lungu zuwa shagon tsoho Kou mai sayar da kayan matattu. Shi kaɗai ne bai je kallo ba, yana zaune yana liƙa dokin takarda, ransa a ɓace don yau an binne mutum bai sayar da ko tsinke ba.

"Ba ni takarda rawaya. Da yawa."

"Yanzu? Ai ba lokacinta ba ne. In ta Uwar Dongni ce, kada ki yi asara, ba ta karɓa."

"Tawa ce."

Ya ajiye dokin ya dube ni ta saman tabarau.

"Ana yi," ya ce a hankali. "Tsofaffin da ba su da kowa sukan aika gaba, a ajiye musu kafin su iso. Amma ke da kike da ɗa namiji?"

"Ɗaure mini, Kou. Ban zo hira ba."

Na rungumi ƙunshin na fita bayan gari, inda hanyar gona ta rabu biyu. Alkamar da aka shuka ta fara tsirowa, rana ta karkata. Daga can wajen maƙabarta ana jiyo gangarsu sama sama. Na tsinci kara na zana da'ira a ƙasa, na bar mata 'yar ƙofa, na zuba takardun a ciki na kunna ashana.

Sai an kira suna, in ba haka ba ba a san mai kaya ba. Na buɗe baki na rasa abin faɗa. Tun da na haihu babu mai kira na sai Uwar Liugen, sunan nawa har ya yi mini nauyi a harshe.

"Meng Gaini," na ce. "Ga naki nan. A ajiye miki, kina tafe."

Wutar ta kama sosai. Na yi ta juya ta da kara don kada wata ta rage ba ta ci ba. Da ta kusa cinyewa na tuna ba a gamawa sai an jefa 'yan kaɗan a wajen da'ira, na waɗanda ba su da mai ƙona musu, don kada su zo su wawashe na mutum. Na zaro 'yan ganye, na tsaya, na ƙara wasu a kai, don na san halin Sumei. Na kunna su na ajiye a waje.

"Karɓi," na ce. "Ki bar mini nawa."

Gangar ta yi shiru. Iska ta taso daga gonaki ta kwashi tokar, ta ciki da ta waje, ta bi hanya da ita. Na zauna a wurin na ɗora tafin hannuna a kan ƙasar, da sauran ɗuminta.